Na sauya karona da finiyon na Hilux, matsin boris ya ƙi zama: ina matsalar take?

"Assalamu alaikum Usta. Ni ƙaramin makanike ne a Gadarif, ƙasar Sudan. Wani mai jigilar riɗi ya kawo mini boksinsa, Hilux ta dizal ƙirar shekarun 1990. Ya sa mata manyan tayoyi 7.50R16, sai ta rasa ƙarfin tashi da kaya. Na cire karona da finiyon na 4.30 na sa na 4.88 da sabbin boris. Wajen ɗaure notin finiyon na sa bindigar iska, finiyon ya ƙage, sai na sassauta notin kaɗan har ya saki. Motar ba ta kai kilomita 200 ba ta dawo tana kuka in an ɗaga ƙafa daga totur, filanji yana wasa, mai yana zuba. Na sake buɗewa, na sa sabuwar sifesa (bututun da ke tsakanin borisan finiyon), na ja notin har 250 Nm (Newton-mita, ma'aunin ƙarfin ɗauri), amma har yanzu akwai wasa. Sifesar nan kaɗai ce sabuwar da na samu, kaya sun yi wuya a nan. Ina matsalar take? Ko in sa a yanka mini sifesa ta tsayayyen ƙarfe ne?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi wa sana'a albarka. Tambayoyi biyu ka haɗa wuri ɗaya: me ya kashe aikin farko, sannan me ya hana na biyun kamawa. Na farkon a fili yake, na biyun ne yake son bincike. Kafin komai ka ajiye doguwar sifanar nan, kada ka ƙara wa notin ko rabin juyi sai ka yi gwajin da zan gaya maka a ƙasa, tunda sifesar ɗaya ce a hannunka.

Abin da notin finiyon yake riƙewa

Finiyon, ƙaramar giyar da ke juya karona, wato babbar giyar difrans, yana zaune ne a kan boris biyu masu rola a karkace, suna fuskantar juna. Babban yana ciki, bayan kan finiyon, ƙaramin yana waje ta wajen filanji, wato faifan da sandar da ke kawo juyi daga giyabos take ɗaure a jikinsa. Irin wannan boris ba a barinsa da wasa ko kaɗan, ana ma ɗan matse shi tun kafin a ɗora masa kaya, domin in injin ya tura, finiyon ya tsaya daram a inda aka ajiye shi kan haƙoran karona. Wannan matsin shi ne batunmu.

Inda matasa da yawa ke ɓata shi ne a nan: ba a sanin matsin boris da ƙarfin da aka ja noti. Ana saninsa da ƙarfin da ake buƙata a juya finiyon da shi. Awo biyu ne daban, kuma tazararsu kamar ninki ɗari ce. Littafin Toyota na difrans mai inci 8, irin na Hilux mai silinda huɗu ta wancan zamani, ya ce sabon boris ya fara juyawa tsakanin kilo-santimita 19 zuwa 26, wato wajen 1.9 zuwa 2.6 Nm. Boris da ya riga ya yi aiki kuma 9 zuwa 13. Shi kuwa notin, ana jansa tsakanin 196 da 343 Nm. Difrans na masu injin V6 adadinsa ya fi wannan ƙanƙanta, 10 zuwa 16 ga sabo, saboda borisansu daban ne. Don haka in ka samu littafin ƙirar motar da ke gabanka, maganarsa ce a sama da tawa.

To me ya sa noti zai sha ɗauri mai ƙarfi haka, boris bai mutu ba? Aikin sifesa ke nan. Bututu ne mai ɗan kumburi a jikinsa, yana tsakanin borisan biyu. Ƙarfin notin yana bi ta filanji, ya bi ta zoben ciki na ƙaramin boris, ya sauka kan sifesa. Ita ke ɗaukar kusan duk nauyin, tana murƙushewa a hankali, boris kuwa ɗan abin da ya rage ne yake isa gare shi. Turjiyar da take yi ita ke riƙe notin kada ya kwance.

Me ya kashe aikin farko

Sifesa kamar gwangwanin tumatir take, in ka taka shi ya lotsa, ɗaga ƙafarka ba zai miƙar da shi ba. Da bindigar iska ta wuce da ita, ta riga ta gajarce. Da ka sassauta notin, finiyon ya saki, hannunka ya ji daɗin juyin, amma a ciki babu abin da ke turje wa notin. Boris ne kawai yake riƙe da shi da ɗan guntun ƙarfi. Sabon boris kuwa dole ya ɗan zauna in ya yi tafiya, sai ɗan matsin ya ɓace, wasa ya shigo. Littafin ya faɗa ƙarara: in matsi ya wuce, a canja sifesa, ba a mayar da noti baya.

Kukan da ka ji ma ya ba da shaida. In ana taka totur, haƙoran suna tura finiyon waje, ya jingina da babban boris ya zauna da kyau, shi ya sa motar ke yin shiru ko kusa da haka. Da an ɗaga ƙafa sai turin ya juya, karona ta jawo finiyon ciki, nauyin ya koma kan ƙaramin boris da noti. In akwai wasa, finiyon ya nutse cikin karona fiye da inda aka saita shi, sai kuka. A nan Jidda in mutum ya ce mini motarsa ba ta kuka a hawan Hada zuwa Ɗa'if, sai a gangarowa, kafin in kwance komai filanji nake fara girgizawa. Zubar man kuma biyo baya ta yi, don sil, robar da ke tare mai, ba ya iya rufe filanjin da ke rawa.

Giyar da ka sa ma tana ƙara wa laifin sauri. 4.30 haƙora 43 ne da 10, 4.88 kuma 39 da 8. A juyin taya ɗaya finiyon ya ƙara juyi da kusan kashi 13 cikin ɗari, kansa kuma ya ƙanƙance, haƙora kaɗan ke ɗaukar kayan. Sakacin da 4.30 za ta haƙura da shi na wata da watanni, 4.88 a ƙarƙashin buhunan riɗi ba ta jira.

Akwai dalili na biyu da nake so ka cire daga zargi, don sakamakonsa iri ɗaya ne: zoben waje na boris da bai zauna har ƙasa a gidansa ba. Za ka auna a benci ka samu kilo-santimita 22 cif, mota ta yi tafiyar yini, zoben ya ƙarasa zama da kansa, matsi ya tafi. Ɗan ɓurɓushin ƙarfe ko tudun da ƙusa ta tayar lokacin fitar da tsohon zobe ya isa ya jawo haka. Ka haska fitila ta baya, ka gwada cusa filageji, siririn ƙarfen auna tazara, mai kaurin 0.05 mm tsakanin zoben da kafaɗar gidansa ko'ina a kewaye. In ya shiga, fitar da zoben, share, goge tudun da fayil, mayar. Wajen bugawa ka saurara: in ya kai ƙasa ƙarar gudumar tana sauyawa, ta koma tauri.

Me ya sa 250 Nm bai kawar da wasan ba

Abu na farko, 250 bai kai iyaka ba. Sabuwar sifesa tana da taurin kai a farko, sai an sha wuya kafin kumburin ya fara ba da kai, daga nan kuma tafiyar ta yi sauƙi. Mai yiwuwa babu abin da ya lalace, ba ka isa wurin ba ne kawai. Amma akwai hali na biyu da ke kama da wannan sak: notin yana shan ƙarfi, ƙarfin kuma ba ya isa ga sifesa. Daga nan inda nake ba zan iya rarrabe maka su da ido ba, gwaji ne zai rarrabe.

Kwance notin, fitar da finiyon, zare sifesar ka auna tsayinta ka rubuta. In ba ta fara lotsawa ba, lafiyarta ƙalau, ajiye ta gefe. Yanzu mayar da komai ba sifesa, ba sil: boris biyu da mai a jikinsu, farantin watsa mai, filanji, da tsohon noti. Ja notin a hankali da ƙaramar sifana. Tunda babu abin da ke turjewa, da ɗan ja kaɗan wasan zai ɓace, matsi ya hau. In haka ta faru, boris da filanji da zaren noti duk lafiya, maganar ta koma kan sifesa. In kuwa notin ya yi tauri alhali finiyon yana ƙwas-ƙwas gaba da baya, to sifesa ba ta da laifi, notin ne ya ci karo da wani abu.

Wuraren da yake cin karo sanannu ne. Ko zaren finiyon ya ƙare kafin noti ya sauka kan filanji, wanda yakan faru in an manta farantin watsa mai ko washa, ko kuma filanjin ya fi wanda aka yi finiyon dominsa gajarta. Ko filanjin ya maƙale a ƙarshen tsagin finiyon. Ka lura, finiyon na Toyota akwai mai tsagi 27 akwai mai 29, kuma sabbin giyoyin kasuwa ba dole su zo daidai da abin da ka cire ba. Ko kuma ƙaramin boris ya kama wuyan finiyon da tsauri fiye da kima, yana tafiya da ƙyar. Wannan na ƙarshen ina yawan ganinsa a giyoyin kasuwa, ɗan goge wuyan da sanfefa mai laushi yana warware shi, amma gogewa ta sharewa, kada boris ya koma shiga da hannu.

In gwajin ya nuna sifesa, ɗora ta kusa da tsohuwar. Tsohuwar da ta wuce gona da iri za ta gaza sabuwar da milimita ɗaya ko biyu. In ka ga bambancin ya kai faɗin yatsa ko rabinsa, ta wata ƙira aka sayar maka, domin ba tsayi ɗaya gare su ba. In tsayin ya yi daidai, duba zaren. Busasshen zare, ko wanda tsohon noti ya yage a wurin da aka dandaƙe bakinsa, yana cinye kaso mai yawa na ƙarfinka a banza. Shafa man giya a zaren da fuskar notin, za ka ga 250 ɗin nan ta yi aikin da ba ta yi ba da.

Yadda za ka auna ba tare da kayan kamfani ba

Sifanar da ke yin ƙas in ta kai adadi ba ta wannan aikin ba ce, balle babba da ke farawa daga 40 Nm. Mai allura ake so, ƙarama, wadda ke karanta 0 zuwa 6 Nm. In babu, ƙaramin sikelin rataye da alhazai ke auna jaka da shi kafin su tafi filin jirgi ya wadatar. Samu ɗan faffaɗan ƙarfe mara nauyi, ɗaure shi a ramuka biyu na filanji, huda rami santimita 10 cif daga tsakiyar finiyon. Kafa difrans ɗin finiyon yana kallon sama, don nauyin ƙarfen kada ya shiga lissafi. Maƙala ƙugiyar sikeli, ka ja ta gicciye da ƙarfen, sannu sannu, idonka a kan lamba. Adadin da ka gani a daidai lokacin da finiyon ya motsa shi ne awonka. A santimita 10, sabon boris kilo 1.9 zuwa 2.6, wanda ya yi aiki giram 900 zuwa kilo 1.3. Toyota awon fara motsi take bayarwa, galibin littattafan motocin Amurka kuwa awon ci gaba da juyi, kada ka haɗa lambobinsu.

Awon nan ana yinsa karona ba ta ciki, finiyon shi kaɗai. Kafin kowane karatu juya shi sau da yawa hagu da dama, ka ɗan buga kansa da gindinsa da gudumar tagulla ko ta roba, ka sake juyawa. Sau da yawa lamba tana sauka bayan bugun, wadda ta tsaya a kai ita ce ta gaskiya.

In lambar tana tsalle, nan da nauyi can da sauƙi cikin juyi ɗaya, kada ka ɗauki matsakaici ka wuce. Ko boris a bushe yake, ko ƙura ta shiga, ko murfin ƙurar filanji yana gogar gida, ko sil ya zauna a karkace, ko kuma rola sun yi tambari a jikin zobe. Na ƙarshen shi nake jin tsoro a aikinka, saboda bindigar iska tana bugu ne, kuma ta buga har finiyon ya ƙage. Wanke zobban da fetur, shanya, bi su da farce a cikin haske. In ka ji layuka a tsaye jere da juna, ko ka ga launin shuɗi ko ruwan ƙasa, borisan sun gama. In sumul suke, sa su, amma ka ɗauke su a matsayin tsofaffi ka saita a 9 zuwa 13. Boris da ya riga ya zauna in ka matse shi da adadin sabo, zafi zai yi. In kuma saye za ka yi, Koyo ko NSK ko Nachi ko Timken, kuma ka buɗe ido, kwalin ba ya nuna komai yanzu, jabu sun cika kasuwa. Araha ba ta ado a wannan wurin.

Ɗaurin ƙarshe

Sifesa ce ta ƙarshen shiga. Zurfin finiyon, wasan haƙori da zanen haɗuwar haƙora duk ana gama su ba ita a ciki, da tsohon noti, matsin yana daidai. Wasan haƙori a wannan difrans 0.13 zuwa 0.18 mm ne. Shafa fentin gwaji a haƙora uku ko huɗu a wurare uku, juya gaba da baya kana danne karona da hannu. Zanen da ka gani a aikin farko ka manta da shi, sabon finiyon da ya yi rawa ba ya faɗin gaskiya. Sai komai ya zauna ka fitar da karona, ka sa sifesa, sabon sil, sabon noti.

Riƙe filanjin da dogon ƙarfe kamar mita ɗaya da aka ɗaure da kusoshi biyu, ƙarshensa ya tokare ƙasa ko ƙafar benci. Ja da hannu da doguwar sifana. Matuƙar akwai wasa kana iya tafiya da kwata-kwatan juyi, kana taɓa filanjin bayan kowane ja. Da wasan ya ɓace, sauran tafiyar ƙanƙanuwa ce ƙwarai, wani lokaci bai kai kashi ɗaya cikin takwas na juyi ba tsakanin babu matsi da ya wuce. Daga nan ja ɗan kaɗan, ajiye sifana, juya, buga, auna. Littafin ya ce a riƙa ƙara 13 Nm a kowane mataki. Ni nakan sa alamar alli a noti da filanji in riƙa motsa ta faɗin tsinken ashana. Tsaya a tsakiyar adadin, kada ka nemi ƙarshensa, kuma ka tuna sil yana ƙara ɗan nauyi nasa. In ka kai 343 Nm matsi bai zo ba, tsaya, wannan sifesar ba ta yi ba. In ya zo, dandaƙe bakin notin cikin tsaginsa. Bayan ka mayar da karona ka ɗaure borisan gefe, jimillar awon ta ƙaru da kilo-santimita 4 zuwa 6 a kan na finiyon.

Maganar sifesa ta tsayayyen ƙarfe

Ga motar da ke dakon buhuna, tana fama da laka mai danƙo ta Gadarif da damina, ana ta gaba da baya don a fita daga rami, ni tsayayyar na fi so. Ba ta ƙara lotsawa in an sha bugu, kuma gobe in sil ya zuba sai ka kwance noti, ka canja, ka mayar da ɗauri, matsi yana nan inda yake. Ga wanda sabuwar sifesa sai an yi masa aike ta Sawakin ko Port Sudan, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai tana son haƙuri da makiromita. A nan kaurin shim, siririyar washar da ake ƙara wa sifesa, shi ne ke saita matsi: ka ƙara kauri matsi ya ragu, ka rage ya ƙaru, kuma 0.03 mm kaɗai yana motsa sikelin yadda za ka gani. Tsohuwar sifesarka ta gajarce fiye da kima, don haka tsayin da kake nema ya ɗara nata kaɗan. Sa mai injin yankan ƙarfe ya yi maka ita da ƙarfe mai kyau, fuskokin biyu su daidaita sarai, ka auna ta wurare huɗu ka tabbatar. Fara da tsayin da zai bar ɗan wasa, ɗaure noti zuwa 200 Nm ko sama kaɗan, auna wasan da agogon awo, sannan ka rage. In ba ka da shim iri-iri, shimfiɗa sanfefa a kan gilashi ka riƙa goge fuskar kana juya ta. Shim na ƙarfe mai tauri kawai. Wanda aka yanko daga gwangwanin lemo zai baje cikin mako guda, ka koma gidan jiya.

Dabarar da ake yi ta zura tsohuwar sifesa a bututu a bubbuge kumburin don ta miƙe, ban yarda da ita ba, ƙarfen ya riga ya gaji kuma bakinta ba ya dawowa daidai. In tafiya ta kama dole, gara a sa washa mai tauri ta kamar milimita ɗaya a ƙarƙashinta don ta samu sabon wurin lotsawa. Wannan ta kai mota gida ce, ba ta sallamar mai mota ba.

Bayan an haɗa

Zuba man GL-5, 85W-90 ko 85W-140 saboda zafinmu. Zare bututun numfashi na saman aksil ka busa shi, laka tana toshe shi, iska ta taru ta turo mai ta sil komai kyawun aikinka. Duba wuyan filanji ma, in tsohon sil ya yi masa rami, sabon ba zai riƙe ba.

Fitar farko kilomita 25 zuwa 30 ba kaya, a tsaya ya huce sarai. Sabuwar giya tana zafi dama, amma in hancin difrans, daidai wurin borisan, ya fi sauran jikin zafi nesa ba kusa ba, ko na'urar auna zafi ta haura digiri 120, matsin ya yi yawa. Kilomita 800 na farko kada ya cika mata kaya, sannan a zubar da man a duba maganaɗisun kusar. Baƙin laushi kamar toka ba komai, ɓarɓashi mai ƙyalli kuwa a sake buɗewa. Na san gaya wa mai jigila ya yi tafiya rabin kaya a lokacin riɗi magana ce mai nauyi, amma ka faɗa masa.

Ka kuma gaya masa tun yanzu cewa kukan yana iya raguwa bai ɗauke duka ba. Haƙoran sun yi kusan kilomita 200 suna cin juna a wurin da ba nasu ba, ga kaya a kai. In fuskarsu ba ta ƙuje ko ta yi rami ba, giyar za ta yi aiki shekaru da ɗan kukanta. In ta yi, babu saitin da zai gyara ta.

Ba ka faɗa mini ko motar mai jan ƙafa huɗu ce ba. In ita ce, difrans na gaba ma dole ya koma 4.88. Kafin a yi hakan, kada ya kuskura ya sa giyar taimako, wadda ke haɗa ƙafa huɗun, a kan ƙasa mai tauri, gaba da baya za su riƙa ja-in-ja har wani abu ya karye.

Yi gwajin nan na ba sifesa, ka aiko mini da abin da sikelin ya nuna, da tsayin sifesa biyun, da hoton zanen haƙoran ta fuska biyu.